Naja'atu da Ƙahon Zaliha

Naja'atu Muttaka, Allah ya jiƙan ta, 'yar Anka ce, gajera mai saurin tafiya da sanyin hannu. Ko allura ta yi maka sai ka yi mata godiya. Ta yi karatun jinya a Sakkwato, aka turo ta wani ƙaramin asibiti a ƙasar Bukkuyum cikin 1998.

A nan ta lura da wani abu. Ana yawan kawo mata matan aure masu ciwon kai, ko waɗanda farfaɗiya ta kama da girmansu, kuma kusan kowace da sabon ƙaho a ka. Dangin miji su ce iska ce ta taɓa ta, wanzami ya cire mataccen jini. Naja'atu ta riƙa latsa wurin da yatsa. Tsagar aska ba ta wuce fata ba, amma a ƙarƙashi ƙashi ya lotsa. Ashe sai a rafke mace da taɓarya ko ƙotar fartanya, sannan a kira wanzami ya aske wurin, ya kafa ƙaho daidai kan kumburin, shi ke nan shaida ta ɓace. Iyakar wayonsu ke nan, mazajen banza masu dogon carbi.

Da ta koma jami'a ƙarin karatu, a kan wannan ta yi bincike, aka buga shi a mujallar likitoci. Likitocin ƙwaƙwalwa suka karanta. Ma'aikatan jinya masu ba da shaida a kotu suka koyi duba ƙarƙashin tsaga. Masu nazarin cin zarafin mata, a ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba, suka riƙa kafa hujja da sunanta. A gida kuwa, Mai Tonon Asiri ake ce mata.

Da daminar 2005, bayan ta dawo asibitin, aka kawo mata wata Zaliha daga Nasarawa Burkullu a amalanke, tana amai, barci na fizgar ta. Uwarta, Inna Tabawa, na riƙe da ita. Mijin, Bello, ya tsaya a waje yana kankare taɓo daga takalminsa. Yayansa Alhaji Halilu, dillalin hatsi, shi ya shigo yana baza babbar riga.

"Malama, allura ɗai za ki yi mata mu koma," in ji shi. "Iska ce. Har ƙaho munka yi mata."

Naja'atu ta haska idon Zaliha da tocila, ta ga ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa. Ta shafa ƙeyar.

"Alhaji, iskar taku da ƙota take yawo?"

"Ke ɗiyar wa ce? Ni kike yi ma ba'a?"

Ba ta ko dube shi ba. Ta kama yatsan Inna Tabawa ta ɗora a kan lotsawar.

"Inna, taɓa ki ji. Jini na taruwa cikin kanta. In ba a kai ta Sakkwato yau ba, gobe wanka za ki yi mata."

Alhaji Halilu ya sassauta murya, irin ta masu wa'azin ƙarya. "Tabawa, in anka je can tambaya za a yi. Mi za ki ce musu? Ki duba zumunci, a rufa ma juna asiri."

Tsohuwar ta daɗe yatsanta na wurin. Gonar da take nomawa aro ce daga gidan su Alhaji, kowa a ɗakin ya sani. Naja'atu ta sha ganin uwaye sun sunkuyar da kai a daidai nan.

"Alhaji," in ji Inna Tabawa, "zumuncinku ya ishe ni. Malama, nemo muna mota."

Naja'atu da kanta ta shiga motar, kan Zaliha a cinyarta, tana kiran sunanta duk hanya don kada ta yi barci. Aka yi aiki, aka zuƙe jinin. Bayan haka Naja'atu ta tsaya gaban alƙali ta faɗi abin da yatsanta ya ji, aka raba auren. Bello dai nasiha kawai ya sha, ya koma sahun gaba a masallaci ko kunya babu.

Alhaji Halilu ya karɓe gonar, sannan ya yi ta zarya gidajen manya har aka jefa Naja'atu wani ƙauye inda mota ba ta shiga da damina. Can naƙuda ta zo mata da gardama cikin 2008, ruwa ya cinye hanya. Kafin a fito da ita ta cika, baiwar Allah, ita da ta fitar da wasu.

Zaliha na nan a Gummi wajen kawunnanta. Hannun hagu bai ƙara motsi ba, amma da na dama take murza ƙuli-ƙuli, kuma duk unguwar nata ake fara saye.