Tambayar Kuɗin Mashin Ta Raba Surukata da Ƙungiyarta

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ni mutuniyar Madarunfa ce, kuma lokacin da abin nan ya faru ni ce sakatariyar wata ƙungiyar mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ba don na fi kowa hankali aka ba ni aikin ba, don dai na yi lakol ne, wato makarantar boko, ina karanta Faransanci ba gargada. Gaskiya ina da rawar kai a lokacin, duk abin da na gani sai na latsa. Shugabarmu kuwa surukata ce, mahaifiyar maigidana, muna ce mata Inna. Ita ta tara matan tun ana suyar gyaɗa a tsakar gidanta. Kun san zamanmu da surukai. Ba na kama sunanta, ba na cin abinci gabanta, ko a biro, wato ofishin ƙungiya, in tana magana kaina a ƙasa yake. Abin da nake so ta ji sai na bi ta bakin wani.

Wani furoje, wato shirin raya karkara, da ya tallafa mana ya buɗe mana shafi a intanet, ya ba mu shugabanni adireshin saƙo kowa da nata. Farkon adireshin muƙaminki ne, ƙarshensa kuma sunan ƙungiya, iri ɗaya gare mu duka. Da shi aka buɗe mana shafukan sada zumunta a wayoyinmu don masu sayen mai su same mu.

Inna ta tsufa, kafaɗunta na ciwo, amma ba ta yarda ta zauna ana matsar tunkuza ba hannunta ciki. Tausayinta ya dame ni, ga shi ba ni da bakin ce mata ta huta. Wata rana a ordinatar biro, wato kwamfutarmu, na ci karo da shafin wani kamfani na ƙasar waje mai sayar da mashin ɗin matsar mai. Suka ce ba za su nuna kuɗinsa ba sai an sa adireshin wurin aiki. Na sa nawa na ƙungiya. Kuɗin ya zo, na ga ba sa'anmu ba ne, na rufe, ban gaya wa kowa ba.

To, wayar Inna wayar kowa ce. Hannu zuwa hannu take yawo, wannan ta saurari wa'azi, waccan ta kira mijinta da ya tafi cirani Najeriya. Ba a jima ba talla ta fara fitowa a cikinta, hoton mashin yana ƙyalli, ga sunan ƙungiyarmu ɓaro-ɓaro a samansa. Matan suka kawo mini in karanta musu. Na gane mashin ɗin, amma na karanta. Cewa aka yi mashin ɗaya zai yi aikin mata da yawa, a rage ma'aikata a ƙara riba. A tawa wayar ma tallar na fitowa, wannan na san dalili, sai na ɓoye. Ta Inna ce ta ɗaure mini kai, tunda ban taɓa wayarta ba. Na ce a raina lalle ita ma ta sa wani ya tambaya mata a ɓoye. Da wannan na kwantar da hankalina, kuma yau shi ya fi ba ni kunya.

Yawancin matanmu daga ƙauyukan Gabi da Sarkin Yamma suke, da aikin nan suke ciyar da 'ya'ya in rumbu ya ƙare. Magana ta bazu cewa kamfani ba ya rubuta sunan mutum sai an yi ciniki, Inna na shirin sallamarsu. A taro wata ta tambaye ta gaba da gaba. Inna ta ce ba ta san komai ba. Aka ce ta rantse, ta ce ba ta taɓa rantsuwa a kan abin duniya ba, ba kuma yau za ta fara ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kalle ni ba. Ta kwance makullin sito daga bakin zanenta ta ajiye bisa tabarma, ta yi sallama ta tafi gida. Ni kuwa ina zaune ina rubuta bayanin taro.

Bayan an yi girbi mai kula da ordinata na furojen ya zo daga Maraɗi, na tambaye shi kamar a cikin hira. Ya ce ai wannan tsohuwar dabara ce. Masu talla ba mutum ɗaya suke bi ba, sunan ƙarshen adireshin suke ɗauka, don shi ne kamar sunan gida. Da mutum ɗaya ya leƙa, sai su miƙa sunan ga shafukan, a bi duk wanda ya buɗe shafinsa da irin wannan adireshi, musamman shugaba, tunda ita ke yanke shawarar saye. Yana ta bayani, ni kuwa na gane ni ce na jawo wa Inna tallar nan.

Na kasa tunkarar Inna, sai na aiki Gwaggo, ƙanwarta. Gwaggo ta dawo ta ce Inna ta sani tun ranar farko. Ita ba ta rubutu, kuma hannu ɗaya ne, nawa, ke taɓa ordinatar biro. Ta yi shiru ne don ba za ta tona matar ɗanta a gaban jama'a ba, ta ce kuma in bar maganar. Ban bari ba. Na tsaya gaban matan na faɗi komai, suka tafi gidanmu suna ba ta haƙuri, har da masu kuka. Ta yafe musu, ta sa aka dama musu fura, amma ta ce ba za ta koma ba, su riƙe amanar junansu.

Abin da na koya shi ne adireshin wurin aiki ba naka ba ne kai kaɗai. Duk inda ka sa shi, ka sa sunan kowa, kuma wanda ya fi girma a cikinku shi za a fi bi. Kada ku ɗauka duk abin da ya fito a wayar mutum shi ya nema. In kuma aka zargi wani kana da ɗan abin da ka sani, ka faɗa a wurin, ko da kunya za ta kashe ka. Ni na jira har na tabbatar, na kuwa makara. Ƙungiya na nan, mashin bai zo ba, ba a sallami kowa ba. Inna ce kawai ba ta nan. Da hantsi in ƙamshin suyar gyaɗa ya iso gidanmu, nakan ji ta daga ɗakinta tana cewa su rage wuta, kamar suna jin ta.