Rakiyar Yaya Zuwa Ɗakin Gashi a Badun

Talata: Koki zuwa Badun

Ana kiran assalatu muka fito daga Koki, ni da yayata Hajiya Rabi, a shekarar da soja suka miƙa mulki. Likita ya ce ciwon dajin da ke bakin mahaifarta sai an yi masa gashi, injin kuma yana wani babban asibiti a Ibadan, wato Badun, inda 'yar farina take aiki.

Na ce 'yar farina, amma ranar da aka yaye ta Yaya ta goye ta ta tafi da ita Soron Ɗinki. Ita take kira Umma, ni kuwa Anti. Irin kunyar da aka tashe mu da ita, ban taɓa kama sunanta ba, sai dai in ce 'yar Yaya.

Mun wuce Zariya hantsi bai dubi ludayi ba. Bayan Kaduna wani soja ya leƙo motar, direba ya ce, "Oga, ba an ce kun koma bariki ba?" Ya ce, "Ni dai ba a aiko mini mota ba." A Mokwa muka yi azahar, na ci doya da miyar ja. Yaya ba ta ci ba, tana ta ba maƙwabciyar kujerarta labari: "Ɗiyata ce ke riƙe da injin. Ni na kai ta boko." Da muka ci gaba da tafiya na juya ina kallon gadar Jabba. Da isha muka sauka a Sabo, gidan wata Bakanuwa mai sayar da goro.

Laraba: asibiti

'Yar Yaya ta tarye mu da farar riga, ta rungume Yaya har ɗankwalinta ya zame. Ni ta rusuna ta ce, "Anti, ya hanya?" Na ce hanya alhamdulillahi.

Ta yi mana bayani dalla-dalla. Likita zai sa wa Yaya siririn bututu a wurin ciwon, a haɗa shi da tiyon injin. Abin da ke gashin 'yan ƙwayoyi ne ƙanana da ke zaune a cikin injin. Sai kowa ya fita an rufe ƙofa, sannan a danna daga waje, su bi tiyo su je. Muddin jar fitila na ci, ba mai shiga.

Yaya ta ce, "Ni kaɗai?"

"Ina ganin ki a talabijin, Umma, ina kuma jin ki ta lasifika."

Alhamis

Da sassafe na bi 'yar Yaya, don Yaya na wurin likita. Ashe kullum kafin a kwantar da mutum sai ta gwada komai. Ta kunna injin ba kowa a ɗaki, ta tura ƙofa ta buɗe, ƙwayoyin suka koma cikin injin da kansu. Ta gwada madannin gaggawa. Ta duba agogon injin da nata, ta leƙa tukunyar dalma da dogon hantsaki da aka ajiye ko da ƙwaya za ta maƙale. Ta zagaya ɗakin da wata mita mai ƙit-ƙit. Na tsaya ina kallon hannunta. Yatsun mahaifiyata ne sak, amma ba ni da bakin faɗa.

Aka sa Yaya ciki, fitila ta kama. Wuni guda ina kan benci ina jin abu ɗaya: "Umma, ina nan." "Umma, kada ki motsa." "Umma, saura kaɗan." Wata nas ta tambaye ni, "Ke 'yar rakiya ce?" Na ce e. Allah Ya sani ina yi wa Yaya addu'a, amma a raina har na ce ina ma ni ce a kwance.

Bayan la'asar injin ya janye ƙwayoyinsa. Ta shiga da mitar nan ta bi jikin Yaya kafin ta bar kowa ya matso.

Juma'a

Wata mata ce da layi ranar, na sake bin 'yar Yaya gwaji. Ta ce, "Anti, jiya lasifikar ta ɗan shaƙe. Shiga ki zauna in gwada, injin a kulle yake, ga makullin a hannuna."

Na shiga, ta ja ƙofar nan mai kaurin bango. Ɗakin ya yi tsit, sai sanyi.

"Kina ji na?"

"Ina ji."

"To yi magana in ji ko muryarki na fitowa."

Na duba, ba ido ko ɗaya a ɗakin, ba Yaya, ba dangi. Na ce, "Bilkisu."

Can ta ce, "Bai fito sosai ba. Sake faɗa."

Na sake. Ta sa ni na faɗa har sau uku. Da ta buɗe ƙofa ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Ta ce wa nas lasifika lafiya lau, a shigo da mara lafiya.

Komawa gida

Bayan mako guda aka sallame mu. Mun taso da asuba, taya ta fashe a Tegina, ba mu shigo ta Ƙofar Ɗan Agundi ba sai bayan isha. Washegari 'yan dubiya suka cika ɗakin Yaya, tana ta cewa, "Ɗiyata, da hannunta ta yi mini." Ina raba musu goron Sabo, abin yana ɗan sukata kamar kullum, sai dai bai kai da ba.

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, na gode wa mai masaukinmu da likitocin da suka tsaya a kan Yaya. Maigidana Malam ya tambaye ni yadda na baro yarinyar. Na ce 'yar Yaya tana lafiya, tana gaida shi.