Kilishin Mamuda Ya Ga Duniya

Ranar Talata ce, kasuwa ta cika, aka ga maƙwabcina Mamuda ya sulluɓo daga saman motar albasa a tashar Mafara. Rigarsa ta maƙale a ƙarfen mota, shi ya iso ƙasa, ita ta tsaya sama. Buhunan kilishin da ya tafi da su Birnin Ƙonni, can ƙasar Nijar, suka biyo shi, a ɗaure yadda suka tafi.

Mamuda mahauci ne, ɗan mahauci. Katanga ɗaya ta raba mu, don haka ƙamshin yajinsa na sha shi kyauta tun muna samari. Da aka fara aikin dam na Bakolori sai ya kafa tebur a ƙarƙashin wata tsamiya, daidai inda ma'aikata ke fitowa. Ya san wanda haƙoransa suka yi sallama, ya ba shi mai taushi. Ya san mai son yaji ya sa shi hawaye. Har Turawan aikin suna saye suna zubawa a jaka in za su gida.

Nan kansa ya ɗau zafi. Ya ce tunda Bature ya ci ya lashe yatsa, duniya ce ke jiransa. Ya sa aka rubuta masa allo: Mamuda da Ƴaƴansa, Mafara da Ƙasashen Waje. Ƴaƴan nan kuwa babbansu bai daina rarrafe ba.

Matarsa Tabawa ta ce, "Malam, wa za ka bar ma tsamiya?"

Ya ce, "Tsamiya tana tahiya ne?"

A Ƙonni ya tarar kowane lungu da mai kilishinsa, kowa da mutanensa. Ba wanda ya san shi balle ya ɗanɗana. Da ya dawo kuwa, tsamiya ba ta tafi ba, amma Ayuba, wani mahauci ɗan Maradun, ya baje tebur a gindinta, ma'aikata sun saba da hannunsa.

Mamuda bai yi faɗa ba. Ya shanya kilishin nan ya sha rana, ya sake gasa shi, ya zauna cikin rana gefen Ayuba, ya jingina allonsa. Wani direba ya tambaya, ya ce masa, "Wanga daga Nijar ya taho." Ƙarya ce? Kafin la'asar layi ya kai bakin titi. Da sati ya zagayo, Ayuba ya ɗauke teburinsa ya koma Maradun.

Ni ma na je na saya. Ina tauna na ce, "Ranka ya daɗe, mai kamfanin ƙasashen waje! Ashe ribar tahiyar taka ita ce riga ta tsaya bisa mota?"

Ya gyara zama a inuwarsa, ya dube ni, ya ce, "Maƙwabci, tauna da ladabi. Naman da ke bakinka ya ƙetare iyaka ya dawo. Kai ko Jangebe da ke nan kusa sai an yi rasuwa kake zuwa."