Nazifa da Taimako Uku na Mushe Yahuza

Nazifa Tanimun 'yar Badaguishiri ce, ɗiyar mai lambun albasa. Ta koyi rubuta manhajar kwamfuta a Yamai, ta dawo Konni da zama. Ita da wasu 'yan yankin suka kafa ƙungiya, suka gina manhajar da ke tsara wa masu lambu layin ban ruwa. Aikin a buɗe yake a intanet, kowa na iya kawo gyara, amma ba ya shiga sai Nazifa ta duba ta amince.

Cikin masu kawo gyara akwai Mushe Yahuza na Illela, wanda ya koyar da ita lissafi a lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe. Kafin lokacin lambu ya aiko da nasa. A ciki akwai ƙananan umarni uku, irin waɗanda sauran manhajar ke kira da sunansu idan tana son aiki. Duk ukun abu ɗaya suke yi, su nemo ranar da layi zai zo kan mutum. Ya sa musu taimako1, taimako2, taimako3.

Nazifa ta rubuta a ƙasan gyaran nasa, inda kowa ke gani, cewa a haɗe su wuri ɗaya, a ba su sunan aikinsu. Ta ce idan aka gyara ɗaya aka manta biyu, wata rana mutum biyu za su haɗu a bakin rijiya ɗaya.

Ya kira ta a waya.

"Ke Nazifa, ni za ki yi ma jan biro gaban jama'a? Suna ai sai daga baya."

"Mushe, jariri ma ana raɗa mishi suna. Naka ukku ba ko ɗaya mai shi."

Ya ce ta goge maganar ta amince, ko ya nemi 'yan ƙungiya su karɓe dubawar daga hannunta. Ya kuma kai ƙara wurin mahaifinta. Malam Tanimun ya ce mata Mushe babba ne, ta yi haƙuri.

"Baba, in na gan shi zan durƙusa in gaishe shi. Amma wannan ba ya wucewa."

'Yan ƙungiya suka tattauna. Wasu suka ce ta cika tsauri, amma ba wanda ya yarda ya karɓi dubawar. Mushe Yahuza ya janye aikinsa gaba ɗaya, ya daina amsa gaisuwarta.

Nazifa ta rubuta umarnin da kanta, guda ɗaya, ta sa masa suna ranar_ban_ruwa. Ta aika wa Hayatu na Malbaza, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, ta ce ya duba mata kada ya raga. Ya dawo mata da shi da gyara, ta gyara.