Ranar da Na Ɗauki Ɗan Fari

A gidanmu ba a ɗaukar ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a zama da shi a tabarma ɗaya a gaban mutane. Kakanninmu masu shanu ne. Shanun sun ƙare tun kafin a haife ni, kunyar ce ta rage mana. Haka mahaifina ya yi wa yayana, haka ni ma na yi wa nawa, ban taɓa jin cewa abu ne da ake tambayar dalilinsa ba.

Da aka yaye yaron, mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta zo Gwarzo ta goya shi ta tafi da shi Garo. A ɗakinta ya girma. Ni kuwa Yaya yake ce mini, kamar yadda yake jin ƙannena suna faɗa. In na je gaishe ta, yakan gaishe ni daga bakin ƙofa, in amsa ina kallon wani wuri. In na sayo masa takalmi sai in ajiye a gefen Inna in ce, "Ga wannan, ko akwai wanda zai yi wa." Mun san yana da sikila, don kowace damina sai ciwon ƙashi ya kwantar da shi. Amma ko tambayar lafiyarsa a kaikaice nake yi. In ce, "Yaya mutanen gidan?" Inna ta ce, "Lafiya lau. Angona sai ƙiriniya."

Autarmu ma da ciwon aka haife ta. Ita tana hannunmu, uwarta na kai ta asibiti ranar masu sikila. A can suka haɗu da wata mata 'yar Kano mai ɗaukar hoto, wadda take bin gidajen yara masu irin wannan ciwo tana ɗaukar su tare da iyayensu, kyauta. Ta gaya wa mai ɗakina cewa sikila ce ta yi ajalin ƙanenta. Bayan rasuwarsa sun bincike gida kaf, ba su sami hotonsa da kowa ba, sai wani ɗan mitsitsi da ke manne a katin asibiti.

Da farko ban so ba. Dako nake yi a kasuwar hatsi, da yamma kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, ina na ga lokacin tsayawa a ɗauke ni hoto? Amma autar ta dame mu da zancen, har ta sa uwarta ta yi mata kitso da lalle. Sai na yarda.

Matar ta zo da hantsi, bayan an gama girbin gero, tare da mijinta. Shi ke tuƙa mota, shi ke riƙe mata jaka. Ta dube mu, ni da mai ɗakina da yara uku, ta ce, "Su ke nan?"

Mai ɗakina ta sunkuyar da kai. Autar ce ta yi caraf ta ce, "Akwai babban wanmu a Garo. Shi ma irin ciwona gare shi."

"Ashe hoton bai cika ba," in ji matar. "Malam, mu je mana, ga mota."

Muka isa ba tare da mun aika ba. Inna na tankaɗe a tsakar gida. Da ta ga baƙi a bayana sai na ga rariyar ta tsaya a hannunta. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gajiya da amfanin gona da mutanen Kano. Da aka faɗa mata abin da ya kawo mu, ta ce, "Ayya, kun yi rashin sa'a, ya bi yara gona."

Ashe autar ta riga ta faɗa ɗaki. Muka ji muryarta, "Ga shi nan a kwance!"

Inna ta miƙe tana kakkaɓe gari daga zaninta. "To ashe ya dawo. Ku dakata in kintsa shi, ango ba ya fita haka nan."

Ta daɗe a ciki. Hayaƙin turaren wuta ya riƙa fitowa ta ƙasan labule. Can yaron ya fito da kayan sallarsa, doguwar riga da wando da hula, har da safa a ƙafa, ga rana ta fara zafi. Na ɗauka kwalliya ce. Ya dafa bango, ya zauna a kan wani turmi da aka kife a bakin ƙofa, ya ce, "Yaya, ina kwana?" Na amsa ina kallon rumbu.

Mai hoto ta sa aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Ta zaunar da mu, ta gyara wa wannan hula, ta ja wa waccan ɗankwali, sannan ta yafito yaron. Ya yunƙura, ya koma ya zauna.

"Ku ɗauke shi a nan inda yake," in ji Inna.

"Inna, nan duhu ne, ba zai fito ba. Malam, ɗauko shi mana, ka ɗora shi a cinyarka."

Sai muka ji dariya daga bayan danga, inda matan maƙwabta suke leƙe.

"Ke 'yar birni," in ji Inna, "ɗan fari ne fa."

"A gafarce ni, Inna. Aron kunyar nake nema na ɗan lokaci, in na gama in mayar muku da abarku."

Mijinta ya ce, "Malam, gara ka bi ta. Ni ma haka nake fama, ba a cin ta da gardama."

Autar ta kama yatsana tana ja. Na tashi, kunnuwana suna zafi, na nufi yaron.

Shekarunsa goma sha uku a lokacin. Ni kuma hannuna ya saba da buhu, kafin in ɗaga kaya jikina ya riga ya auna shi. Na tokare ƙafa, na sa ƙarfin da zan sa wa rabin buhun masara. Sai yaron ya taso sama kamar na ɗaga damin kara, har na yi taga-taga zan faɗi da baya. Na tsaya sororo. Ta cikin rigar sallar na ji wasu riguna biyu da aka saka masa a ƙasa, ta cikinsu kuma na ji haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya a tafin hannuna. Shi ma ya sandare, bai san inda zai sa hannuwansa ba. Ya ce, "Yaya, a hankali. Ƙafar."

A lokacin na ji hannun da na sa a ƙarƙashin ƙwaurinsa ya jiƙe. Na duba. Wani ruwa ne rawaya gauraye da jini. Sai wari ya biyo, wanda turaren ya danne.

Ban san yadda na kai tabarma ba. Na ja wandon sama. Safar ta manne. Mai ɗakina, wadda rabonta da taɓa shi tun ranar yaye, ta saki salati, ta rarrafo a kan gwiwa, ta shiga ɓare safar da yatsunta. A ƙarƙashi akwai tsumma, a ƙarƙashin tsumman dakakken ganye. Da ta share ganyen muka ga gyambo a saman idon sawu, faɗinsa ya kai tafin hannuna, ya yi rami, bakinsa fari. Nan take ƙuda suka taru. Dariyar bayan danga ta ɗauke.

"Inna," na ce, muryata kamar ba tawa ba, "tun yaushe?"

"Ƙaya ce kawai ta soke shi."

"Tun yaushe, Inna?"

"Tun shuka."

Tun shuka. Ga shi har an yi girbi. A tsakanin nan na zo gidan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Yana gaishe ni daga bakin ƙofa da zani a lulluɓe a ƙafafunsa, ina amsawa ina kallon rumbu.

Inna ta fashe da kuka, ita da ban ga hawayenta ba ko ranar da mahaifinmu ya rasu. "In kun kai shi asibiti yanke ƙafar za su yi. Haka aka kai ɗan gidan maƙera, ya dawo da sanda. Ni na raine shi. Da ƙafa biyu aka ba ni shi."

Mai hoto ta ajiye kyamararta a kan tabarma, ta durƙusa a gabanta. "Inna, ni ba likita ba ce, ba zan yi miki alkawarin abin da ba na hannuna ba. Amma na ga irin wannan gyambo a jikin yara masu sikila. Wanke shi ake yi a ɗaure, yana daɗewa, yana warkewa. Abin tsoro shi ne a bar shi ya kai ga ƙashi."

Na miƙe da yaron a hannu. Inna ta riga ni zuwa bakin zaure, ta tsaya, ta dafa ƙofa da hannu bibbiyu. Tun da nake ban taɓa musa mata ba. Ko a ce rana ta faɗi da tsakar rana, in ita ta faɗa, "to" nake cewa.

"Inna, ki ba ni hanya."

"Ajiye mini mijina."

"Ba zan ajiye shi ba. Ɗana ne."

Ni kaina na razana da jin maganar ta fito daga bakina. Inna ta dube ni kamar na tuɓe riga a tsakiyar kasuwa. Sannan ta juya ga yaron. "Kai kuma, maci amana, binsa za ka yi?"

Ya ce, "Inna, ki zo mu tafi tare. Ƙafar tana hana ni barci."

Can ta sauke hannu ɗaya, ta sauke ɗayan, ta koma ɗaki. Ta fito da mayafi da buta da carbinta, ba ta kalli kowa ba.

Muna ƙofar gida za mu shiga mota, mai hoto ta ce a hankali, "Malam, in ɗauka, ko a bari sai wani lokaci?"

Yaron ne ya ce, "A ɗauka. Ai na riga na sa kayan."

Ta ɗauka, sau ɗaya.

A asibitin Gwarzo aka wanke ciwon, yana ihu, ina riƙe da shi. Daga nan aka tura mu Kano a yi hoton ƙashi. Likita ya ɗaga hoton a gaban haske, ya daɗe yana dubawa, Inna tana jan carbi har yana ƙara. Ya ce bai kai ƙashi ba, amma ya kusa. Inna ta zame daga kan benci ta zauna a ƙasa.

Sai da wata daminar ta zo ta wuce kafin gyambon ya rufe. Duk ranar wankin ciwon ni nake goya shi zuwa asibiti kafin in tafi kasuwa. Da fari abokan dako suna tsokanata, wai na zama uwar goyo, daga baya suka gaji suka daina. Ƙafar tana nan. Akwai tabo babba, yana ɗan ɗingishi in sanyi ya shigo, amma da ita yake zuwa makaranta. Inna ba ta koma Garo ba, ta ce ba ta barin angonta a hannun mutanen da ba su da kunya.

Mai hoto ta aiko mana da hoton cikin gilashi. Babu mai murmushi a ciki. Idanuna a waje suke kamar na ga abin tsoro, ga tabon ruwan ciwo a gaban rigata. Idon mai ɗakina ja wur. Inna ta kau da kai gefe. Autar kaɗai ta baje tafukan hannunta don a ga lalle. Yaron yana hannuna, ya saƙalo wuyana da hannu ɗaya.

Hoton yana rataye a ɗakin Inna. In ta ji sallamar baƙi daga Garo sai ta yi maza ta juya fuskarsa ga bango. In sun tafi, yaron ya hau kan gado da ƙafafunsa biyu ya juyo shi.