Ƙafata Ce Ta Kai Mama Shika

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na fito daga gidana a Samaru, ko shayi ban sha ba, don in kai mahaifiyata asibitin Shika. Kwana tara ke nan Mama Saratu ba ta iya tashi daga tabarma sai an ɗago ta. Matar da ke ba da waƙa a zumuntar mata! Tsorona kada zaman nan ya zama na dindindin.

Muchia, shida saura goma

A gidan Mama na tarar maƙwabciya ta ɗaura mata zanin coci, yana jan ƙasa. Mama ta daɗe tana mitar wai zannuwan yanzu sun cika faɗi.

"Rifkatu, ɗan taka mini bayan kafin mu fita."

Aikina ne tun ina yarinya: ta kwanta rub da ciki, in dafa bango in tattaka. Yanzu 'ya'yana uku, jiki kuwa sai godiya, amma duk Lahadi sai na taka. Na ce sai mun dawo, kada layi ya wuce mu.

PZ zuwa Shika

Keke ya sauke mu PZ, muka shiga bas. Na biya kujerun gaba biyu don Mama ta jingina. A Kwangila direba ya faɗa rami, ta ce "Wayyo!"

"Malam, ba albasa ka ɗauko ba!"

"Afuwan, Madam. Sannu, Mama."

Daga nan har Samaru lallaɓawa ya yi, fasinja na ta tsaki.

Shika, bakwai da rabi

Sai sha ɗaya muka ga likita, ya tura mu hoto. Ƙarfe ɗaya ya ɗaga hoton, ya ce da tsufa, musamman ga mata, ƙashi kan zaizaye ta ciki kamar icen da gara ta ci. Biyu cikin ƙasusuwan gadon bayanta sun lotsa. Ashe ba zani ne ya ƙaru ba, Mama ce ta rage tsawo.

"Ta faɗi ne? Ko ta ɗauki kaya mai nauyi?"

Mama ta karɓe da alfahari: "Ina! Ga 'yata nan, ba ta bari in wahala. Duk Lahadi tana taka mini baya. Waccan Lahadin har ƙas na ji, na ce madalla, ya saki."

Likita ya dube ni, ya dubi ƙafafuna. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Irin wannan ƙashin ko tari mai ƙarfi kan lotsa shi," in ji shi. "Amma daga yau ba mai sake hawa." Ya rubuta magani, ya ce madara, ƙananan kifi har ƙayarsu, shan hantsi, tafiya kaɗan-kaɗan. Yana sa rai za ta miƙe cikin 'yan makonni.

Muchia, ƙarfe huɗu

Alale muka ci a bakin ƙofar asibiti, muka juyo. Mun iso lafiya, godiya ga Allah da direban nan mai haƙuri. Mama na kwanciya ta ce, "To, taka kaɗan, ai likita ba ya nan."

Na durƙusa, na lakato man kaɗanya, na shafa mata da tafin hannu, hawaye na ɗiga a bayanta.

"Ƙafarki ta fi daɗi," ta ce.

"Na sani, Mama. Ta yi ritaya."