Ranar da Uwa Ta Kira Sunan Ɗan Farinta a Tasha

Na yi shekaru ina hidimar ikilisiya a Kaura Namoda, kuma abubuwa da yawa sun gushe daga kaina. Amma abin da idona ya gani a tashar da ake hawa motar Shinkafi, wata ranar Alhamis da hantsi, wannan kam ba zan manta da shi ba har in koma ga Ubangiji.

A lokacin, zumuntar matan cocinmu ta ɗora mini kula da matan da ke riƙe da 'ya'ya su kaɗai, musamman waɗanda samarinsu suka fara bin 'yan shaye-shaye. Duk Asabar mukan taru a harabar coci mu yi addu'a, matan su koyi ɗinki da haɗa sabulu, dattawa kuma su zauna da yaran. Ni kuwa kaina rawa yake yi. Na je wani horo na kwana uku, na dawo ina jin babu wanda ya kai ni sanin tarbiyya.

Cikin matan akwai wata daga wani ƙauye na wajen Zurmi. 'Yan bindiga sun kashe mijinta, ta gudo da yara huɗu, tana sheƙar hatsi a kasuwa don su ci. Babban ɗanta ɗan shekara goma sha biyar ne, kuma ya riga ya fara shan sholisho da yaran tasha. Ita mace ce marar magana, kullum kanta a sunkuye.

Wata Asabar na haɗa iyaye da 'ya'yansu, na ce kowace uwa ta miƙe ta kira ɗanta da sunansa, ta gaya masa a gaban kowa cewa tana ƙaunarsa, kamar yadda aka koya mana a horo. Wasu suka yi ana ta dariya. Da aka zo kanta sai ta yi shiru. Na matsa mata, na ƙara matsawa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Yaron ya miƙe ya dube ni ya ce, "Kin gani ko, Malama? Ko sunana ba ta iya faɗa." Ya fice abinsa.

Raina ya ɓaci, na yi mata faɗa sosai, har na ce ita ke kora shi kan titi. Sai da aka watse wata tsohuwa ta ja ni gefe ta ce in ji tsoron Allah, yaron nan ɗan fari ne, a ƙauyensu uwa ba ta ambaton sunan ɗan fari ko yi masa fara'a a gaban mutane, alkunya ce. Ba wai ban taɓa jin al'adar ba. A kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa na tashi, na ɗauka abin ya wuce tun zamanin kakanni. Kunya ta kama ni, amma girman kai ya hana ni zuwa in ba ta haƙuri.

Mako biyu yaron bai leƙo coci ba. Sai muka ji wani mutum ya yi masa alkawarin babur idan zai riƙa kai wa 'yan bindigar daji mai da burodi. Kowa a garin ya san yaron da ya fara wannan hanya ba ya dawowa yadda ya tafi, in ma ya dawo.

Ranar Alhamis ɗin uwar ta zo gidana da ƙaiƙayi a jikin zanenta, ta ce in taimaka in raka ta tasha, ta ji yau za a tafi da yaron. Muka hau keke napep. Muna sauka muka hango shi a bayan babur ɗin mutumin nan, an ɗaure jarkoki hagu da dama. Na ruga na kira shi, na yi wa'azi, na yi lallashi, na tuna masa da ƙannensa. Ko kallona bai yi ba. Mutumin ya tayar da babur zai tafi da shi.

Nan ne ta kira sunansa. Sau ɗaya, da ƙarfi, a gaban direbobi da 'yan kamasho. Yaron ya juyo a razane.

"Inna, ni kika kira?"

"Kai na kira. Sauko mu je gida."

Ya sauko. Mutumin ya yi ta zage-zage, ya ja babur ɗinsa ya tafi. Har muka iso gida fuskarta a rufe take, shi kuma yana ta share hawaye da bayan hannu. Ni ma kukan na yi, kuma a cikin keken nan na roƙe ta gafara.

Yau yaron yana da shagon walda a bakin hanyar Gusau. A iya sanina ba ta sake furta sunan ba, har gobe "yaron nan" take ce masa, shi kuma ya daina damuwa.

Abin da na koya shi ne, kafin in ce zan gyara gidan wani, in fara tambayar yadda mutanen gidan ke nuna ƙaunarsu. Ni na so ta fitar da sunan nan don in cika tsarin taro na Asabar. Ita kuwa shekara goma sha biyar ta yi tana riƙe da shi, sai ranar da za a tafi mata da ɗa ta faɗe shi.